Tambaya da Amsa: Jikina ba daɗi amma tsoron shef ya hana ni kwanciya

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ni ke zama a kes, wato wurin karɓar kuɗi, a wani babban kanti nan Yamai. Tun shigowar damina palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ke kada ni, amma kullum sai na lallaɓa na hau faba-faba na tafi aiki saboda shef ɗinmu da ka ce ba ka da lafiya sai ya ce masu neman aikin suna nan cike a bakin ƙofa. Ranan har kuɗi na ɓata wajen ba da canji, aka cire a albashina. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Kin ga dai ribar lallaɓawar, jiki na rawa, ido na ganin jaka biyar kamar goma, ƙarshe ke kika biya.

Ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a yi miki gwajin nan na ɗigon jini a yatsa, ba kowane zazzaɓi ne palu ba, kuma in shi ne ki shanye maganin kwana ukun duka, kar ki bari don kin ji sauƙi. Sannan ki karɓi takardar hutu daga hannun lokotoro. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ce rashin lafiyar da lokotoro ya tabbatar dakatar da kwantaragi take yi har wata 6, ba yanke shi ba. Amma fa sai da takarda, saƙon WhatsApp na "shef yau ba ni da lafiya" ba ya tsaya miki gaban kowa. Ki yi fotokofi ki ajiye ɗaya a gida. In ya ci gaba da barazana akwai delege, wato wakilin ma'aikata, in kuna da shi, akwai kuma ofishin sufetan aiki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne abokan aiki. Mu ne gwanayen haɗa kuɗin suna da cika gidan makoki, amma a riƙe wa mutum kes kwana biyu ya kwanta sai kowa ya kau da kai, alhali shef da ya san akwai mai tsayawa a wurinki rabin masifarsa ta tafi. Ki nemi guda cikinsu da kuke shiri ku yi magana tun kuna lafiya, yau ke gobe ita.

In kuma tari ne ya wuce sati biyu kar ki ma kusanci kes ɗin, ki je a auna majina ko tarin fuka ne, wannan kam ana ɗauka.