Ɗana mai jinkirin fahimta ba ya barci sai tsakar dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 9 yana da jinkirin fahimta, maganarsa ma ba ta fita sosai. Ba ya barci sai wajen ƙarfe 1 na dare, da safe kuma tashinsa sai an yi da gaske. Mai kemis ya ce in riƙa ba shi Piriton. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya saka miki da ɗawainiyar yaron nan. Ki ajiye Piriton ɗin. Maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, wasu yaran ma ƙara musu ƙiriniya yake yi. Valium kuwa, maganin kwantar da hankali mai sa barci, kada ki ba shi sai likita ya rubuta.

Ki fara duba jikinsa. Yaron da ba ya iya cewa "nan ke mini ciwo" da rashin barci yake nuna ciwon haƙori, ciwon kunne ko taurin bayan gida. Wani dare ki zauna kusa da shi ki saurari numfashinsa. In yana minshari mai ƙarfi, numfashin ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya zabura, ko yana barci baki buɗe, a kai shi wurin likitan yara a asibitin tarayya (FMC) na Gusau. Wannan toshewar numfashi ta fi yawa ga yara masu larurar Down (larurar da ake haihuwar yaro da ita, mai jawo jinkirin fahimta), kuma gyaran tsarin barci a gida ba ya magance ta. Haka in yana farfaɗiya, domin ƙarancin barci na tayar da ita.

In jiki lafiya, to daga safe za ki fara gyara. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Ki tashe shi lokaci ɗaya kullum, har Asabar da Lahadi, ki fito da shi tsakar gida hasken rana ya same shi. In ya saba ƙailula, kada ta wuce minti 30, kuma babu barci bayan La'asar. Shayi, goro da Coca-Cola su tsaya daga Azahar.

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne kwantar da yaro ƙarfe 8 alhali idonsa biyu, sai ya yi ta juyi har ya tsani shimfiɗar. Ki kwantar da shi kusa da lokacin da barci ke ɗaukarsa yanzu, wajen sha biyu da rabi. In ya jera kwana uku yana yin barci cikin minti 15 zuwa 20, ki dawo da lokacin baya da minti 15. Haka za ki yi ta ja har ki iso inda kike so. Abin zai ɗauki makonni.

Awa ɗaya kafin kwanciya a kashe waya da talabijin, sannan a bi jeri ɗaya da ba ya canzawa: wanka, bayan gida, addu'ar barci, sakin gidan sauro. Yaro irinsa maimaici ke gaya masa dare ya yi, fiye da magana. Zana masa hotunan matakan a kwali yana taimakawa. Da zafin bazara, wanka da ruwan randa da shimfiɗa inda iska ke shiga sun wadatar.

In ya taso, ki mayar da shi da kalma ɗaya, "barci", babu faɗa babu hira. Kwanakin farko kukan zai iya ƙaruwa, kuma nan ake sarewa. Ki haɗa kai da babansa da kakarsa, don in ɗaya ya miƙa masa waya, an koma farko. Ki riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi na mako biyu, ki tafi da takardar asibiti in babu sauyi.