Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ke yawon gidan rawa a Turai

Salam 'yar'uwa da kika turo a ɓoye suna. Wallahi na karanta saƙonki na kasa wucewa, don kamar labarin gidanmu kika ɗauko kika rubuta. Kin ce ƙaninki ɗan shekara 19 ya samu ƙungiyar ƙwallo a Turai bara, yanzu kusan duk ƙarshen mako sai kin tsinci bidiyonsa a gidan rawa a sitatus ɗin abokansa, da kika yi masa magana ya ce miki ai duk 'yan ƙwallo haka suke yi, shine kike tambaya da gaske haka abin yake ko yaron ne ya fara lalacewa. Na ga wasu har sun yanke hukunci, wannan ya ce ƙuruciya ce a ƙyale shi, wancan ya ce a tsine masa ya dawo gida. Toh ni dai ga abin da ya same mu.

Da farko ba ƙarya ya yi miki ba, suna yi. Yaro da kuɗi a aljihu, ba uwa ba uba a kusa, an tashi tirenin tun azahar ba shi da abin yi sai waya, me kike tsammani. Duk wanda ke kallon Firimiya ya ga Grealish a watan Yunin 2023 bayan Man City ta haɗa kofi uku, kwana da kwanaki yana casu har tsibirin Ibiza na Sifen suka je, ba wanda ya ci shi tara saboda an gama kaka, hutunsa ne. Amma ki dubi Rashford a Janairun 2024, an gan shi a gidan rawa a Belfast ana tsakiyar kaka, ranar Juma'a bai zo tirenin ba aka ce ba shi da lafiya, Ten Hag, kocin Man United na lokacin, ya ajiye shi bai buga wasan Newport ba, jaridu suka yi ta yayata shi. Abu ɗaya suka yi su biyun, kwanan wata ne ya raba su. Don haka kafin ki ƙara yi masa faɗa ki nemo jadawalin wasannin ƙungiyarsu, yana nan a intanet kyauta, ki ajiye shi kusa da bidiyoyin nan ki duba ranakun. In daren da suka gama wasa ne kuma washegari an ba su hutu, wannan da sauƙi ta fuskar aiki, zancen addini kuma daban, shi ma ya san hukuncinsa ba sai na faɗa ba. In kuwa kika ga Alhamis ce ko Juma'a kuma suna da wasa Asabar ko Lahadi to 'yar'uwa akwai matsala.

Kuma dan Allah ki ce masa ya daina haɗa kansa da su Rashford. Rashford bayan kwana kaɗan ya dawo ya ci Wolves ƙwallo cikin minti biyar ɗin farko aka rufe zancen, mutumin da ya sa hannu a kwantiragi har 2028. Foden an koro shi gida daga tawagar Ingila a Iceland a 2020 shi da Greenwood saboda sun shigo da 'yan mata otal lokacin dokar korona, yana ɗan shekara 20, amma a 2024 shi aka ba gwarzon Firimiya. Waɗannan 'yan gida ne, ƙungiya ta zuba musu kuɗi tun suna yara dole ta lallaba su. Namu yaran fa? Kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, takardar zamansa a ƙasar da kwantiragin take tafiya, ga ƙasashe da yawa suna da adadin baƙin da ƙungiya za ta iya sakawa, kuma akwai yara ɗari a Ghana da Senegal da Brazil suna jiran gurbin nan a kan rabin albashinsa. Koci ba zai ma yi faɗa da shi ba, benci kawai zai ajiye shi har kaka ta ƙare.

Haka aka yi wa nawa ƙanin. Yaron da tun yana firamare ba ya taɓa ko sigari, daga wata akadami ya tafi wata ƙaramar ƙungiya a gabashin Turai yana cika 18, ɗan gefe ne mai gudun tsiya, farkon zuwansa har koci yana kiran ejan ɗinsa yana yabonsa. Sai ga wani ɗan unguwarmu da ya riga shi zuwa ƙasar da shekaru, shi ma ƙwallo ta kai shi amma ta ƙi shi, ya maƙale a can ba aiki ba sana'a sai bin sababbin yara. Ba zan kama sunansa ba don akwai danginsa a nan kuma su ba ruwansu. Mu murna ma muka yi da aka ce akwai ɗan gida a garin, Hajiyarmu har kiransa ta yi a waya ta ce ga amana nan. Amana! Shi ya raka yaron banki ya buɗe asusu saboda yaro ba ya jin yaren, shi ya riƙe katin wai don kar a cuce shi, shi ke masa tafinta wajen mai gida, shi ke siyo kaji daga shagon halal, a hankali ya kwaso jakarsa ya tare a gidan da ƙungiya ta kama wa yaron, yana kwana a falo yana kiran kansa manaja.

Bidiyon farko da na gani har yau yana cikin wayata. Tebur ne a lungu da jan fitila, wasu 'yan mata biyu sun ɗauko kwalabe da tartsatsin wuta a bakinsu suna tahowa ana ihu, shi wancan ɗan tahalikin a tsaye da tabarau cikin dare yana ɗaga hannu kamar shi ya haifi wajen, ƙanina kuma a ƙuryar kujera riƙe da gwangwanin lemo yana murmushin yaƙe, da gani barci yake ji. Ba ya shan giya fa, har ya dawo bai taɓa sha ba na yarda da shi a kan wannan, amma duk kwalbar da aka sauke a teburin nan da katinsa aka biya. Shi ya sa in na ji mutum ya ce ai yaronmu ba ya sha rakiya kawai yake yi sai in yi dariyar takaici. Rashin barcin kaɗai ya isa. Yanzu ba a ɓoye wa koci komai, akwai 'yar rigar nan kamar bireziya da suke sakawa a tirenin, na'urar da ke bayanta tana lissafa duk gudun da ka yi da saurin da ka yi shi, ana auna nauyinka, wanda ya kwana a tsaye lambobinsa za su tona shi ko bai buɗe baki ba. Daga makara tirenin aka fara yankar masa tara a albashi, sai naman bayan cinya ya tsage, ya warke ya koma ya sake tsagewa a wuri ɗaya, likitan ƙungiya ya tambaye shi awa nawa yake barci ya yi shiru.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da Hajiya ta kwanta asibiti sukarinta ya hau, na kira shi na ce ya turo ko nawa ne a fara siyan magani, yaron nan ya yi shiru a waya ina jin numfashinsa, can ya ce Yaya bari in tambayi wane. Ka tambayi wa? Kuɗinka, guminka, mahaifiyarka a kwance, sai ka nemi izinin wani ƙato? Ashe babu ne. Asusun babu komai sai abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Daga baya da muka sa ya karɓo takardar banki muka zauna da wani abokina da ya yi karatu a can yana karanta mana layi layi, gidan rawa, gidan rawa, shagon takalmi, hayar mota, cirar kuɗi ƙarfe huɗun asuba, tikitin jirgi na wata mace da ƙanina bai ma taɓa jin sunanta ba, har kuɗin da aka tura Najeriya zuwa wani asusu wanda ba na kowa a gidanmu ba. Ina karantawa hannuna yana rawa wallahi. Babur ɗina na siyar aka sallami Hajiya, kuma ban gaya mata dalili ba sai da ta warke.

Kaka na ƙarewa ƙungiya ta ce ta gode, ejan ya daina ɗaga waya, takardar zama ta ƙare. Na je na ɗauko shi a filin jirgin Kano da jaka ɗaya da takalman ƙwallo a leda, duk unguwa ana jiran ya dawo da mota. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da babbar sallah ta zagayo mutumin nan ya zo gida hutu, ya shigo har tsakar gidanmu da farar shadda da 'yar kwalbar turare a leda wai ya zo gaida Hajiya, ya durƙusa yana cewa wallahi Hajiya na yi iya ƙoƙarina a kan yaron nan amma yaran yanzu ba sa jin magana. A gabana! Hajiya ta sa aka zubo masa nama ya zauna ya ci, ta hana ni ko tari, ta ce baƙonta ne. Turaren nan na tabbata da kuɗin ɗanta aka siya. Har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sai in canza sahu, an ce ma yanzu wani yaron ya kama daga wata jiha, Allah ya isa kawai zan ce, ban yafe ba kuma ba na jin zan yafe.

Ki yi haƙuri na yi nisa. Abin da nake so ki gane shi ne ki daina kallon ƙaninki a bidiyon, ki kalli na gefensa. Fuskar da kike gani kullum wace ce, ɗan wasa ne shi ma ko kuwa ba a san aikinsa ba? In abokan wasansa ne da sauƙi don su ma suna da tirenin da safe dole su tashi da wuri. Ki tambaye shi cikin hira, ba da tsawa ba, wa ke kwana a gidansa, katin bankinsa yana hannun wa, fasfo ɗinsa fa. In ya fara in-ina kin samu amsa. Kuma kar ki kira shi da dare kina kuka, ki dinga kiran bidiyo da safe kafin ya fita, ido ba ya ƙarya.

Sannan zancen ƙwaya, wannan ki faɗa masa ko zai ji haushi. A irin wuraren nan ba ka san me aka zuba maka a kofi ko a tukunyar shisha ba, kuma ana iya zuwa gwajin fitsari ba sanarwa. Tramol ɗin nan da yaranmu suka raina tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa, wiwi kuwa dama can haramun ce a lokacin gasa. Mutu an kama shi da hodar iblis a 2004, Chelsea ta kore shi aka dakatar da shi wata bakwai, daga baya aka ce ya biya su sama da Yuro miliyan 17. Bissouma kuma balan-balan ɗin iskar dariya ya shaƙa ya ɗora da kansa a intanet a 2024 Tottenham ta dakatar da shi wasan farko na kaka. Ƙaninki kuma ya hana abokan nan ɗaukarsa bidiyo, ƙungiyoyi kafin su sayi yaro sai sun bi shafukansa.

Kuma ki bincika ko kaɗaici ne ke korarsa daga ɗaki. Nawa ya ce min lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, ba mai yi masa Hausa in ba mutumin nan ba, azumi shi kaɗai yake shan ruwa da burodi, gidan rawar nan ne kawai inda yake jin hayaniyar mutane. Dele Alli da bakinsa ya faɗa a 2023 cewa maganin barci ya kama shi har sai da ya yi sati shida a gidan gyaran hali a Amurka. Adriano ɗan wasan Brazil tun da babansa ya rasu a 2004 bai ƙara dawowa daidai ba. Mu kuma nan gida kowa ya kira yaro sai zancen kuɗi, kawu na son jari, gwaggo na son Umara, ɗan maƙota na son waya, to me zai sa ya ɗaga kiranmu. Ku dinga kiransa haka kawai ku ba shi labarin unguwa, ku turo masa kilishi da yaji da kuka in an samu mai tafiya. In garin akwai masallaci, yawanci ba a rasa na Turkawa ko Larabawa, ya dinga leƙawa zai samu mutanen kirki da za su gayyace shi cin abinci.

Kuɗin kuma ku san yadda za ku yi wani kaso ya dinga fita daga hannunsa ranar da albashi ya shiga, fili ko shago da sunansa shi, ba sunan kowa a gida ba don kar gobe a ce kun cinye shi. Ahmed Musa ma da ya buga a CSKA da Leicester gidan mai da wajen wasanni ya gina a Kano tun yana kan ganiyarsa, balle mai kwantiragin shekara ɗaya. Ki nemi kwafin kwantiragin ki ba wanda ya iya ya karanta miki wajen da aka yi maganar tara da ladabtarwa, da wanda zai biya in ya ji rauni, mu sai da komai ya ƙare muka ga namu. Nawa yanzu yana buga wa wata ƙungiya a ƙaramin rukuni nan gida ana bin su albashi, cinyar tana dawo masa duk lokacin sanyi. In kina so ki yi min magana ta inbos in haɗa su a waya, zai fi jin maganar wanda ya taka leda irinsa a kan tawa ko taki.