Injin motarka ba a rana ɗaya ya buga ba

Wani ɗan kasuwa a kasuwar Singa ta Kano ya rubuto cewa ya ba ƙanensa motar dakon kaya suna raba riba, cikin wata 8 injin ya buga, makaniki ya yanka masa kusan naira dubu 900. Yana tambaya ko ya ci bashi ya gyara, ya kuma ƙaro mota ta biyu don riba ta ninka.

Alhaji, ajiye maganar mota ta biyu, domin ta farkon ma ba ka riƙe ta ba. Da bakinka ka ce kana miƙa kuɗin juye, amma ba ka taɓa rubuta ranar da aka yi shi ba.

Tsakanin sandar fistin da karanshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, akwai wani siririn ƙarfe mai laushi da makanikai ke kira metal, kuma baƙin mai ne kaɗai ke hana shi gogar karanshaf, a tazarar da ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Idan mai ya tsufa, ƙura ta shige shi, ko ya yi ƙasa, metal ɗin yana cinyewa, tazarar ta buɗe, mai ya riƙa tserewa, ƙarfin turinsa ya faɗi, cin kuma ya ƙaru. Ƙwanƙwasar da ake ji daga ƙasan inji, wadda ke tsananta idan an taka totur, sandar ce ke dukan karanshaf. Jar fitilar mai ba ta kamawa sai ƙarfin ya riga ya faɗi ƙwarai.

Na taɓa raka wani mai shago kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa neman inji. Da aka kwance tiren ƙasa na tsohon injin, man ya yi kauri kamar kwalta, ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a cikinsa. Ɗan 'yar uwarsa da ke tuƙa motar ya yi mako 2 yana jin ƙarar, nauyin faɗa ya hana shi magana, mai shagon kuma kunya ta hana shi tambaya.

Ka sa a auna karanshaf kafin ka amince da kowane farashi, a duba famfon mai, domin sabon metal a kan karanshaf mai zane ba ya daɗewa. Daga nan ka sayi littafi. Duk bayan kilomita kusan 5,000 kai za ka sayo mai da filta, a juye a gabanka, ka rubuta. Idan ƙanenka ya ɗauki wannan a matsayin zargi, ka nema masa wata sana'ar, ka ɗauki direban da za ka iya tuhuma.