Tambaya da Amsa: Shin Gwamnati na Biyan Masu Nakasa Alawus Duk Wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena ma'aikaci ne a wani kamfanin gurzar auduga da ke Gusau. Watanni huɗu da suka wuce inji ya kama masa hannun dama, har sai da likitoci suka yanke shi daga gwiwar hannu. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti, daga nan kuma shiru kake ji. Yanzu wani mutum a unguwarmu ya ce mu kawo naira 10,000 ya sa sunansa cikin waɗanda gwamnatin tarayya ke biya alawus ɗin nakasa duk wata. Shin akwai wannan alawus, kuma ta ina ake neman sa?
Mai karatu, daga Ƙauran Namoda

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ku ba mutumin nan ko sisin kwabo, domin gwamnatin tarayya ba ta da wani alawus da take biyan kowane mai nakasa a ƙarshen wata. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi karatu kyauta har zuwa sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da fifiko a wurin bin layi, ta kuma kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, amma ba ta yanka wa kowa albashi ba. Mai yiwuwa labarin Jigawa ne ya kai kunnen jama'a, inda gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naira 7,000 a wata tun 2007. Wannan kuwa shirin jiha ne, bai shafi Zamfara ba.

Haƙƙin ƙanenka yana wani wuri dabam, kuma ya fi alawus ɗin da ake yi muku romon baka da shi nauyi. Tun da a bakin aiki ya ji rauni, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta shafe shi, kuma hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita ce ke zartar da ita. Dokar ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun diyya, daga aljihunsa, ba tare da ya cire daga albashin ma'aikaci ba. Ko da ƙanenka ɗan aikin wucin gadi ne da ake biya kullum, dokar ta ƙidaya shi cikin ma'aikata. Wanda rauni ya hana shi aiki baki ɗaya har abada ana biyan sa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda kuma ya rasa gaɓa amma yana iya wani aikin, ana auna diyyarsa da gwargwadon abin da ya rasa. Hukumar tana da ikon ɗaukar nauyin hannun roba da jinya ma.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne lokaci. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da mai gidansa, shi kuma mai gidan yana da kwana 7 ya kai rahoto hukumar, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya daga ranar haɗarin. Watanni huɗu sun riga sun tafi. Biyan kuɗin asibiti shaida ce cewa kamfanin ya san abin da ya faru, amma ba shaida ba ce cewa ya kai rahoto, don haka ku tambaye su a rubuce, ku kuma je ofishin NSITF da ƙafarku ku bincika.

Ku tafi da rahoton likita mai ɗauke da sa hannu da hatimi da ranar da aka kwantar da shi, da katin asibiti, da hotunan ƙashi, da katin shaidar aiki ko takardar albashi, da lambar NIN, da sunayen abokan aikin da abin ya faru a gabansu. Na asali su zauna a gida cikin leda a ƙasan akwati, ku miƙa kwafi, kuma kada ku bar ofishin sai an buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Idan aka kira ku sulhu aka turo takarda cewa ya yafe komai a kan 'yan kuɗi, kada ya dangwala yatsa. Dokar ta haramta irin wannan yarjejeniya. In kamfanin ya yi taurin kai, Hukumar Agajin Shari'a tana taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta.

Game da tallafin kuɗi na talakawa kuwa, daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ake zaɓo sunaye, jami'an jiha ke tattara ta tare da mutanen gari, kuma shiga cikinta kyauta ne. Kafin diyya ta fito, yana iya rubuta takardar neman taimako zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara da ke Gusau, ya haɗa da kwafin rahoton likitan.