Kafin ka sayi wani inji, a gwada silindojin nan tukuna

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce ka sa wa Tacoma ɗinka mai V6 sufacaja, da ka ɗauki hanyar Daura da rana tsaka ka danna totur sai ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, yanzu kuma tana rawa in tana tsaye, ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma bakanikenka ya ce a nemo injin Baljiyam. Ni dai na ce a dakata. Ka ajiye motar, kada a ƙara hawa titi da ita.

Waccan ƙarar ita ce bakin zaren. Sufacaja iska take cusa wa inji fiye da yadda zai zuƙa da kansa, kuma iskar da aka matse zafi take yi. Injin 1GR-FE mai lita 4.0 dama matsinsa ya kai 10 da 1. In aka ƙara masa iska ba a ƙara mai ba, ba a kuma gyara lokacin tartsatsin fulogi a kwamfutar motar ba, sai man ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali. Ga zafin Katsina da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Masu ƙera waɗannan na'urori a Amurka fetur mai daraja ta sama suke shardantawa, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai.

A garejinmu abin da muka fi gani bayan irin wannan shi ne karyewar gefen fistin, wurin da ringi ke zama. Amma ba a yanke hukunci da kunne. A fara cire fulogi shida, a jera su yadda suke a inji. Wanda ya yi fari fat ko bakinsa ya narke, mai ne bai ishi silindarsa ba. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, can ɓarnar take. A jona kwamfutar binciken mota: lambobin P0301 zuwa P0306 za su faɗi silindar da ke fashin wuta, P0171 ko P0174 kuma ƙarancin mai ne.

Sai gwajin matsi. In wata silinda ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. In allurar ma'aunin ta tashi, ringi ne ko fistin; in ba ta motsa ba, a duba bawul ko gasket ɗin kan inji. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ne yawanci. Wanda na fi yarda da shi shi ne a hura iskar kwamfuresa ta ramin fulogi, fistin yana sama, bawul a rufe, a kasa kunne. Iska ta fito ta murfin baƙin mai, ringi. Ta salansa, bawul ɗin hayaƙi. Lagireto ya yi kumfa, gasket ko kan inji ya tsage. A tsiyaye baƙin man kuma a duba shi a rana, ƙyalli kamar garin tagulla na nufin metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, ya fara ci, nan ne maganar sauke inji ke shigowa.

Ko ma sabon inji ka kawo daga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, muddin nozul masu fesa fetur da famfon mai na asali ne, kwamfutar ma ba a saita ta ba, haka zai sake bugawa. Tambayi wanda ya ɗaura maka: bus (ƙarin matsin iska) nawa yake bayarwa a ma'aunin psi, akwai intakula mai sanyaya iskar, kuma wa ya yi saitin? A cikakken totur ana son iska da mai su tsaya wajen 11.5 zuwa 12 da 1, ba 14.7 na tafiyar gari ba. Turo mana lambobin matsin silinda shidan da hoton fulogin.