Filin Tambayoyinku tare da Gwaggo: Yaron ga tsoro ne ke cinshi

TAMBAYA: Salamu alaikum Gwaggo, ina gajiya ina hidima. Ni matar aure ce nan unguwar Zariya cikin garin Maradi. Akwai ɗan yayana da na ɗauko riƙo, shekararshi 9, daga wani ƙauye can wajen Gabi, tun daren da ɓarayin daji suka shiga garinsu suka kashe ubanshi suka kore dabbobi, kuma an ce yaron shina bayan rumbu a laɓe ya ga komai da idonshi. Uwar ta koma gidansu da ƙananan. To Gwaggo yaron ga kullum sai ya yi fitsarin kwance alhali da can ba ya yi, in kabu-kabu ya wuce da dare sai ya zabura ya shige ƙarƙashin gado, a lakkol mushenshi ya ce ba ya gane komai sai kallon taga, ga shi ya fara dukan ɗiyana ba gaira ba dalili. Maigidana ya buge shi har ya gaji, maƙwabta sun ce iska ce, an sha rubutu an yi hayaƙi shiru. Yanzu maigidan ya ce a maida shi ƙauye. Don Allah mi zan yi?

Wata uwa, unguwar Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah shi jiƙan yayanki shi saka miki da alheri da kika rungumi maraya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: a daina dukan yaron ga daga yau. Ba gangan yake yi ba, kuma ba lalacewa ya yi ba.

Abin da kika lissafa kaf ɗinshi sananne ne ga yaron da ya ga tashin hankali. Lokacin da mutum ya ga mutuwa ido da ido jikinshi na sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, zuciya ta yi ta bugawa, jiki ya shirya gudu, kuma rahamar Allah ce don da ita ake tsira. To ga wasu yara abin ba ya kwantawa bayan haɗarin ya wuce, jikin na nan a tsaye kamar mai gadin da aka manta ba a ce mishi ya tahi gida ba. Ki tuna da mi ɓarayin ga ke shiga gari, ai bisa babura ne, shi ya sa ƙarar kabu-kabu da ke gare ki ba komai ba ce, shi ko tana maida shi bayan rumbun can. Yaron da ke sauraren ƙarar babur ta taga ina zai ji mushe na koyar da lissafi? Dukan da yake ma ɗiyanki ma daga nan ya taso, abu kaɗan ya taɓa shi sai jikin ya ɗauka faɗa ya zo. Kowane bulala da aka ƙara mishi tana tabbatar mishi cewa nan ma ba wurin aminci ba ne.

Maigida kuma kar ki yi mishi faɗa a gaban yara, ki samu lokacin da hankalinshi ke kwance, ko ki sa wani babba da yake jin nauyi, liman ko wanshi, ya yi mishi magana. Ki roƙe shi abu ɗaya tak, ya riƙa tahiya da yaron masallaci ko bakin shago ya zaunar da shi kusa da shi. Yaron da ya rasa uba ta wannan hanya babu abin da zai yi mishi amfani kamar ya ga namiji babba da ba ya ɗaga mishi hannu. Maida shi ƙauyen da abin ya faru, ga uwa da ke fama da nata ciwon, ni ban goyi baya ba a yanzu. Amma ki riƙa haɗa shi da uwar ta salula ko sau ɗaya a sati a rana sananniya, ya ji muryarta ya san tana raye.

Batun fitsari, ki fara kai shi likita a duba fitsarin, don yaran da suka taso kusa da tabki da gulbi irin na wajen Madarunfa suna samun tsargiya, akwai kuma ciwon mara, in da su a yi magani. Bayan nan ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zane, a rage ruwa dab da kwanciya, ya zagaya kafin barci, in ya yi da safe ku wanke shiru ba tare da an tara mishi yara suna waƙa ba. Wallahi al'adar nan ta yi ma mai fitsarin kwance ature tana ɓata mini rai, kunya ba ta taɓa tsaida fitsari ba.

Sai maganar abin da ya gani. Mu Hausawa hanya biyu muke bi kuma duk ba su yi, ko mu ce yi shiru ka manta ya wuce, ko kuma duk baƙon da ya zo a ce zo ka faɗa ma baba yadda aka kashe babanka. Kar ki tilasta shi, kar kuma ki toshe mishi baki. Ki ce mishi sau ɗaya a natse, na san ka ga abu mai ban tsoro, ba laifinka ba ne, duk ran da kake son magana ina nan. Kalmar ba laifinka ba ne ki maimaita ta, don yara da yawa a ransu suna ganin da sun yi kuwwa ko sun fito da ba a kashe ba. In kika ga shina wasan bindiga da kara ko shina zana babura a ƙasa ki ƙyale shi, ta nan yara ke fitar da abin da baki ya kasa. Kuma ki tsara mishi yini, lokacin abinci, lokacin allo, lokacin kwana, kullum iri ɗaya, ya kwana kusa da ke ko da 'yar fitila, don sanin abin da zai biyo baya shi ke kwantar da jikin da ya saba da bazata.

Addu'a da azkar na safe da marece ki riƙe su da kyau, ki tofa mishi da hannunki ki shafa, wannan kanshi natsuwa ce. Abin da ban yarda da shi ba a rufe yaro cikin hayaƙi ko a buge shi wai ana korar aljani. Manzon Allah (SAW) da tsuntsun ƙaramin yaro Abu Umair ya mutu, tambayarshi ya yi labarin tsuntsun cikin lallashi, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. In mutuwar tsuntsu ta isa a kula da zuciyar yaro, ina ga wanda ya ga an kashe ubanshi.

Na tsaya dogon bayani ne don abin na bin mutum har girma in an yi sakaci. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fara wallafawa a 1998, an tambayi manya sama da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara, aka ga gwargwadon yawanta gwargwadon haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya. Amma ba hatimi ba ne a goshin yaro, da yawa suna warwarewa, kuma abin da masana suka fi gani ga waɗanda suka warware shi ne akwai babban mutum ko guda ɗaya da ya tsaya musu bai gaji ba.

Sai dai ke kaɗai za ki gaji, kuma yaronki ba shi kaɗai ba ne. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, ga namu na ƙauyukan iyaka da suka watsu cikin dangi a gari ba wanda ya rubuta sunansu. A wuraren 'yan gudun hijira ƙungiyoyin agaji kan kafa rumfar yara, wasa da waƙa da zane ƙarƙashin kulawar manya da aka horar, kuma ba wani abu ba ne da ya fi ƙarfin unguwa. Nan jihar Maradi aka haifi asusun mata na zubi da rance, Mata Masu Dubara, a 1991, yau an kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. In kina cikin irin wannan asusu ki kawo maganar ran zubi, za ki sha mamakin mata nawa ke riƙon irin yaronki suna ɓoyewa. A Zimbabuwe tsofaffin mata aka koya ma sauraro, suna zama bisa benci a harabar likita mutane na zuwa suna sauke damuwa, kuma gwaji ya nuna yana aiki. Kakanni dai ba mu rasa su ba a unguwanninmu irin su Bagalam da Mokoyo da Maradawa. Ki kuma samu mushen ki faɗa mishi gaskiya ya maido yaron bencin gaba nesa da taga, ki sanar da mai unguwa ya haɗa ki da masu kula da kare yara. In an yi wata biyu ko uku ba sauƙi, ko ya daina ci, ya daina magana, ko ya fara cewa gara ya mutu, kar ki jira, ki je likitar unguwa ki ce a tura ku wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babbar asibiti.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni. Ni ne shugaban fadarmu a unguwar Ali Ɗan Sofo. Abokinmu ɗan shekara 19 an sace shi a hanyar gona, ya daɗe a daji sai da aka biya kuɗi. Tun da ya dawo ba ya dariya, ba ya barci, yanzu ya faɗa tramol. Wasu sun ce mu kore shi daga fada kar ya ɓata muna suna. Ya kika gani?

Wani matashi, Ali Ɗan Sofo

AMSA: Ɗana, in kuka kore shi masu saida ƙwayar ne za su karɓe shi hannu biyu. Tramol ɗin ga nema yake ya kashe abin da ke dawo mishi da dare. Ku bar mishi wurinshi a tabarma, a zuba mishi shayi ko bai ce uffan ba, kar kowa ya tambaye shi ya aka yi a daji kuma a hana zolaya kwata-kwata. Mutum biyu da ya fi sakewa da su su riƙa bi ta gidansu suna ɗauko shi. Batun ƙwaya, ku sani yawanta na kawo farfaɗiya, kuma wanda jikinshi ya saba in ya yanke rana ɗaya zai sha ciwon jiki da zufa da rashin barci har ya koma, don haka ku raka shi likita a rage mishi a hankali. In kuka ji ya ce rayuwa ta ishe shi, ku tambaye shi kai tsaye ko shina tunanin kashe kanshi, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da piya-piya da sauran maganin ƙwari daga gidan, a sanar da iyayenshi a kai shi asibiti ranar.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin kowane matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19 akwai 1 da ke fama da matsalar ƙwaƙwalwa, ke nan ko a fadarku ba shi kaɗai ba ne, sauran sun iya ɓoyewa ne. Ni da za ku ji tawa, ku yi karo-karo ku sayi balo ku tara ƙannenku na unguwa duk marece bayan la'asar, ku ba abokin naku usur ya zama alƙalin wasa. Wanda aka ɗaure aka wulaƙanta shina bukatar ya ga ana jiranshi a wani wuri.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce. Tun ambaliyar 2024 da gidansu ya faɗi, wata ɗalibata da hadari ya taso sai kuka da makyarkyata. In tura ta gida?

AMSA: A'a madam, hanya cikin hadari ta fi aji ban tsoro. Ki jawo ta kusa da ke, ki nuna mata ginin ajin da ƙofar fita, ku ja numfashi a hankali tare ke da ita da sauran yaran duka don kar a ware ta. Ran da gari ya yi garau ki yi ma ajin darasin yadda hadari ke haɗuwa da abin da za a yi in ruwa ya yi ƙarfi, ki ba ta aikin rufe taga ita da ƙawarta. Ki kuma kira uwarta ki ji inda suke kwana yanzu, in har cikin ɗakin laka mai tsagewa ne to tsoronta na da dalili, sai ku haɗu da kwamitin iyaye a taimaka a gyara kafin damina.