Ɗan makaranta na son zama yaron shagona kyauta, in ɗauke shi?

Tambayar wannan makon daga Amurka ta zo, daga wani ɗan'uwanmu mai shago a unguwar Bronx ta birnin New York. Da takalma da huluna da riguna ya fara, sai ya ga samarin unguwa na yawan tambayar allon zamiya, katakon nan mai taya huɗu da suke kira sikebod, ya ware rabin shagon ya zuba su. Yanzu wani yaro ɗan sakandare mai shekara 16 ya zo yana so ya riƙa zuwa koyon aiki bayan an tashi daga makaranta, har ya ce ba sai an biya shi ba. Alhajin ya ce ribarsa a kan allo ɗaya ba ta wuce dala 20, ya kuma ƙara da cewa: "Ni ma haka na taso a Kantin Kwari, shekara bakwai ina gaban maigidana ban taɓa jin kalmar albashi ba. In ɗauke shi?"

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Ka ɗauke shi, amma ka biya shi.

Na san abin da ka tuna. Sai dai maigidanka na Kwari bai ci guminka a banza ba. Shi ya ciyar da kai, ya yi maka ɗinkin Sallah, ya kai ka asibiti, ranar da ya yaye ka kuma ya haɗa ka da jari, wataƙila har da rumfa. Albashinka ke nan, tara maka aka yi. Wannan yaron ba za ka yi masa ko ɗaya daga ciki ba, dokar Amurka kuma ba ta san wani abu wai shi yaron gida ba. Tun 1938 suke da dokar ƙwadago ta tarayya da ta ce duk wanda ya yi wa kasuwancinka aiki ma'aikaci ne, kuma don ya faɗa da bakinsa cewa ya yafe kuɗin, hakan ba zai wanke ka ba.

Akwai ƙofar koyon aiki ba biya, amma ƙunci gare ta. Ma'aunin da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ke amfani da shi tun Janairun 2018 shi ne: wa ya fi cin moriyar zaman, yaron ko mai shago? Ana duba ko makarantarsa ce ta turo shi kuma tana ba shi maki a kai, ko lokutan zuwansa sun dace da karatunsa, ko aikin da yake yi na wani ma'aikaci ne da ya kamata a biya. Yaron da ke share shago, yana jera takalma, yana tsare maka kanta ka je sallar La'asar, kowane alƙali zai ce kai ne ka ci moriya. A jihar New York kuwa ma'aikaci na da shekara shida cur ya kai ƙarar haƙƙinsa, kuma ana iya sa ka biya ninki biyu. Yau ku rabu lafiya, bayan shekara uku uwarsa ta yi hira da lauya. Kada garin neman gira a rasa ido.

To mu zo lissafi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma wannan bai shafe ka ba, na birninku ake bi: dala 16.50 a 2025, dala 17 daga Janairun 2026. In yaron zai yi awa goma a mako, dala 170 ke nan. Ɗora kashi 7.65 cikin ɗari na harajin fansho da lafiya da ke kan mai ɗaukar aiki, ka kai wajen dala 183, ban da inshorar rauni a wurin aiki, wadda tilas ce a jiharku. Da ribar dala 20 a kan allo, sai ka sayar da ƙarin allo goma kowane mako kafin ka fitar da kuɗinsa. In da a nan lissafin ya tsaya, da na ce ka ba shi haƙuri.

Amma ban ga alamar ka gane abin da ya shigo maka shago ba. Kai ka san saye da sayarwa, shi kuma ya san masu sayen. Ka tsaya wata rana ka kalli yadda ake haɗa allo ɗaya. Yaro ya shigo ya ɗauki katako, wanda falle bakwai ne na itacen mafal aka manne, ya ajiye a ƙasa ya taka, ya ce wannan inci takwas ne, shi takwas da kwata yake so. A shimfiɗa baƙar takardar nan mai kaushi kamar sanfefa a kai, a bi ta da tafin hannu kada iska ta maƙale, a goga gefen da ƙarfe har farin layi ya fito, a bi layin da reza a yanke, a huda ramuka takwas, a ɗaure ƙarafan ƙasa, a cusa boris biyu-biyu cikin kowace taya. Duk wannan lokacin mai allon na tsaye yana kallon hannunka. In ya ga hannun baƙo ne, gobe a intanet zai saya, inda ya fi araha. In ya ga nasu ne, wanda suke faɗuwa tare a filin wasa, zai dawo da abokai uku, ɗaya ya sayi takalmi, ɗaya riga. A nan kuɗin yake. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa katako ke jawo mutane, takalmi da sutura ke biyan haya. Takardar nan mai kaushi kuma cin takalmi take kamar gara, mai hawa kullum ba ya daɗewa bai huda nasa ba.

Don haka kada ka ɓata shi a shara kaɗai. Ka zaunar da shi lokacin da za ka yi odar kaya, ka tambaye shi wane kamfani yara ke yayi, wanne ya kwanta. Ka ba shi shafin shagon na Instagram ya riƙa saka bidiyo, amma lambar sirri ta zauna a hannunka. Ranar 21 ga Yuni kowace shekara ranar masu wannan wasa ce, suna cika tituna. Ka bar shi ya shirya 'yar gasa da sunan shagonka, kyautar katako biyu ta isa. Wasan ma ya wuce na 'yan zaman kashe wando yadda wasunmu ke ɗauka, tunda ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, inda 'yar Japan Momiji Nishiya ta ci zinare tana da shekara 13.

Wurin da zan ja maka kunne shi ne abokai. Ba sata nake nufi ba, kunya nake nufi. Aboki zai zo ya ce a rage masa, ko a ba shi boris zuwa Juma'a, yaro ɗan 16 kuma bai iya cewa a'a ba. Ka sauke masa wannan nauyin tun ranar farko: ragi nasa ne shi kaɗai, kashi kaza, a rubuce, bashi kuwa babu sai da bakinka. Sai ya samu abin fakewa, ya ce Alhaji ne ya hana. Aljihun kuɗi ma kada ka sakar masa a watan farko, ku riƙa ƙirgawa tare in za a rufe.

Takardu ba su da yawa. Duk wanda bai kai 18 ba sai ya kawo takardar izinin aiki daga makarantarsa, ta 'yan 16 da 17 masu karatu koriya ce, kuma a wurinka za ta zauna muddin yana aiki. Lokacin karatu kada ya wuce awa huɗu a rana daga Litinin zuwa Alhamis, ko awa 28 a mako. Ka nemi ganin mahaifinsa ko mahaifiyarsa ido da ido, ka karɓi lambar waya.

In kuma dala 183 a mako ta yi maka nauyi yanzu, ga hanyoyi biyu. Ka je makarantar da kanka ka tambayi mai kula da koyon sana'a ko suna da tsarin tura ɗalibai da maki, a rubuta yarjejeniya da sa hannunsu. Ko ka yi rajistar shagonka a shirin birnin New York na ba matasa aikin bazara, wanda ake kira SYEP: mako shida ne, har awa 25 a mako, kuma birni ke biyan albashin. Matsalarsa ɗaya, yawanci da ƙuri'a ake zaɓen yaran, ba lallai wannan naka ne zai faɗo maka ba.

Ni dai da zan zaɓa, zan fara da awa shida a mako, Juma'a da yamma da Asabar, na wata uku, da biya. Ka buɗe shafi daban a littafinka, ka riƙa rubuta cinikin waɗannan ranakun biyu, ka kwatanta da na watanni ukun da suka wuce. In lokacin ya cika ka turo mini alƙaluman mu duba tare ko za a ƙara masa awa.